Kukan Ɗan Ragon da Ya Kira Orval

Ranar Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi, matarka Verna ta bugo mini waya ta ce, "Yaya, sun harbe mini Orval." Haka na ji rasuwarka, maƙwabcina na shekara talatin da ɗaya a bakin Kogin Powder.

Wasu 'yan birni biyu ne suka shigo makiyayarka farautar dila, ba sallama balle neman izini. Suka ajiye na'urar nan mai kwaikwayon kukan dabbobi a cikin kwari, suka kafa mata tsumman gashi mai motsi don jan idon dila, suka kwanta a kan tudu da bindigogi. Duk kukan da ke cikinta, na ɗan rago suka zaɓa, ana tsakiyar haihuwar tumaki. Ka ji, ka ajiye kofinka, ka bi kwarin kana sunkuye kana nema, da hularka ta fatar dila a ka. Hular suka hango.

Yanzu wai a shagon abincin dabbobi ana cewa laifinka ne, me ya kai tsoho kwari da hular gashi. Kai jama'a! Mutum a cikin filinsa sai ya nemi izinin baƙo kafin ya sa hula? Maganar nan ta ƙona mini rai, kuma ba zan bari ta bi ka kabari ba.

Wa bai san ƙa'idarka ba a yankin nan? Kai ma maharbin dila ne, da usur ɗin ƙaho kake kiransu, kukan zomo kawai. Da na sayo irin wannan na'ura bara waccan ina ta ɗoki, ka juya ta a hannu ka ce, "Ɗan'uwa, danna duk wanda ka ga dama, ban da na ɗan rago. Wannan kukan, makiyayi yake fara kira kafin dila." Na yi dariya, na ce tsufa ne ke damunka. Yau kunyar dariyar nan nake ji.

Shekarar da na karye a ƙafa, kai ka karɓi haihuwar tumakina cikin ƙanƙara. Marayun 'yan raguna bakwai ka jera a kwali kusa da murhun Verna, kana ba su madara a kwalba kana yi musu faɗa, kowanne ka laƙaba masa sunan wani surukinka. Ko godiya ba ka tsaya ji ba.

Da yammacin ranar da aka harbe ka, Verna ta hana kowa taya ta, ta ƙirga 'yan ragunanku da kanta har sau biyu. Ta juyo ta ce, "Yaya, sun cika. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Allah ya jiƙanka, Orval, ya sa ka huta. Allah ya ba Verna da 'ya'yanka, Dale da Lorna, haƙurin wannan rashi. Mai son sanin abin da ya kai ka kwarin kuwa, ya zo ya tambaye ni. Kuka ka ji, ka tafi, kamar yadda ka saba.