Ranar da Mitin Ya Faɗo Gidanmu

Mahaifina bai taɓa cin bashi don kansa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai har yau. Da a ce rediyo ya saya ko kujerun falo, da ko ba komai muna kallon abin da muke yi wa yunwa. Ƙanensa ne, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya zo da maganar wata tsohuwar bas da zai riƙa jigila da ita daga Sabon Tasha zuwa babbar kasuwa. Baba ya je asusun ma'aikata na masaƙar da yake aiki a Kakuri, ya karɓo rance da sunansa, ya damƙa masa ko shaida babu. Bas ta yi damina ɗaya injinta ya buga. Baba Ƙarami ya sayar da ita ga 'yan gwangwan, ya sayi babur da kuɗin, ya ce a ba shi lokaci.

Masaƙa kuwa ba ruwanta da lokacin kowa. Duk ƙarshen wata sai sun cire nasu kafin albashi ya shigo hannun Baba, abin da ya rage kuma ba ya kai mu tsakiyar wata. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, kaya na tashi kullum, ana ta rage ma'aikata, wanda ba a kora ba ma godiya yake yi. Mu biyar ne yara a ciki da falo na haya, ni ce babba, ina aji uku na sakandare.

A shekarun nan na koyi abubuwan da babu su a littafin makaranta. Na san yadda ake yanka sandar sabulu da zare a ɓoye sauran a saman kabad don kada ƙannena su jiƙa shi a banza. Na san mahaucin da ke barin ɗan nama a jikin ƙashi da wanda ke kankare shi tas. Shayi ya bar gidanmu, sai kunun da ya rage daga wanda Mama ke sayarwa a tasha. Ranar Asabar mukan tafi dajin Mahuta ni da ita mu ɗauko itace, domin kananzir na fitila ne kawai. Akwai wani Malam mai hatsi a Makera da ke ba Mama bashin masara zuwa ƙarshen wata. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma ni ake aika masa da ban haƙuri, kuma na gwammace ya zage ni da wannan "ba komai, 'yata" da yake cewa yana kallon ƙasa.

Shi kuwa Baba Ƙarami kowace Lahadi bayan coci sai ya faka babur a ƙofar gidanmu, ya goge shi da hankici, ya shigo ya zauna daidai lokacin da ake kwashe tuwo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In Mama ta taɓo maganar bayan ya tafi, amsar Baba ɗaya ce.

"Maman yara, wa ba ya bin ƙane bashi kamar bare. Zai biya."

"Yaushe? In yaran nan sun gama bushewa?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ni ko in na ji wannan karin maganar sai in tashi in bar ɗakin. Abin haushin shi ne ba ka samun inda za ka kama Baba ka tsane shi. Shi ya fi kowa cin kaɗan. Da ƙafa yake zuwa Kakuri ya dawo don kada ya taɓa kuɗin cefane. In zai zalunce mu, da kansa yake fara zalunta.

To, akwai mitin ɗin 'yan garinmu. Duk wanda ya fito daga ƙauyenmu yake zaune a Kaduna ɗan mitin ne. Ana taruwa sau ɗaya a wata, gida-gida, kuma wanda layi ya faɗo kansa shi zai ciyar da jama'a. Mitin ke sasanta miji da mata, mitin ke nema wa sabon zuwa wurin kwana, amma babban ƙarfinsa ɗaya ne: in ɗan gari ya mutu a birni, mitin ne ke ɗaukar mota ya kai gawarsa gida. Wanda aka dakatar daga mitin, babu mai taɓa akwatin gawarsa. Saboda haka mutumin da ba ya tsoron ɗan sanda ko alƙali yana tsoron mitin. In ka kai ƙarar wani kan bashi, dattawa za su yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk wata, kuma zai kawo ko da zai sayar da wandonsa. Sharaɗin kawai, mai haƙƙi ne zai tashi ya faɗa da bakinsa. Mace ba ta magana a zauren maza sai da izinin mijinta, in ta yi a ci ta tara.

Layinmu ya faɗo ana saura kaɗan a koma makaranta bayan dogon hutu. A watan ne kuma Mama ta ɗauki adashinta na 'yan tasha, wanda tun farko ta ce na kuɗin makarantata ne. An riga an kore ni sau biyu a zangon da ya wuce, kuma shugaban makaranta ya faɗa a fili cewa wanda bai zo da kuɗin baya da na yanzu ba kada ya shigo get.

Mama ta kira ni bayan gida inda take surfen gero, ta ce in saurara. Kuɗin nan, in ji ta, zango ɗaya zai biya min, na gaba kuma mu koma gidan jiya. Amma in aka yi mitin mai kyau, dattawa suka ci suka ƙoshi, aka tayar da maganar bashin, to abin da Baba Ƙarami zai riƙa kawowa zai kai ni har aji biyar. Ta ce ta riga ta je wurin matar Ciyaman, shugaban mitin, da kwalbar man gyaɗa, ta faɗa mata komai. Ciyaman da kansa zai tambayi Baba a gaban jama'a.

"Ubanku ba zai tashi da kansa ba, na san shi," in ji ta. "Amma ba ya ƙarya. In aka tambaye shi, abin da zai ce kawai shi ne e."

Na ce, "Mama, in bai ce ba fa?"

"Dattijo ne a coci. Zai yi ƙarya a gaban mutane?"

Na yarda. Gaskiya na ma fi ta ɗoki, domin na daɗe ina son ganin fuskar Baba Ƙarami ranar da za a karanta masa laifinsa.

Muka shiga kasuwa da kuɗin makarantata. Shinkafa, manja, tattasai, cinyar akuya, kifin ƙanƙara, dawa da citta na kunu. Ina riƙe da kwando ina kallon Mama tana ciniki kamar za ta yi kuka, kowane mudu da aka zuba ina jin kamar daga jikina aka ɗebo shi. Muka aro benci daga coci, tukwane daga makwabta. Ƙannena suka yi ta zagaya murhu, don rabon su da ƙamshin nama irin wannan tun Kirsimeti. Baba ya ga hidimar ya ji daɗi, har ya ce wa Mama ta fitar da shi kunya. Bai tambayi inda kuɗin ya fito ba. Bai taɓa tambayar irin wannan ba.

Ranar Lahadi da rana tsakar gida ta cika. Maza a kan benci ƙarƙashin mangwaro, mata a bakin kicin suna taya mu zuba abinci. Ciyaman tsohon soja ne mai ƙatuwar murya, yana buga sanda a ƙasa in yana son shiru. Aka yi addu'a da yarenmu, aka karɓi kuɗin wata, aka ci tarar waɗanda suka makara, aka yi dogon musu kan rufin ajin firamare na ƙauye. Sannan aka ci abinci. Ni na kai wa Baba Ƙarami nasa, ya duba kwanon ya ce, "'Yata, ƙara min ɗan romo mana." Na ƙara masa. Na ce a raina, sha, na ƙarshe ke nan.

Da aka kwashe kwanuka sakatare ya ce an zo wurin sauran magana. Ciyaman ya buga sanda, ya juya wurin Baba.

"Maigida, mun ci mun gode, Allah ya mayar. Amma wata magana ta zo kunnena. An ce akwai kuɗi tsakaninka da ƙanenka, wanda ake yanka a albashinka har yau. Mu nan ba kotu ba ne, gida ne. Ka faɗa mana, yana riƙe da kuɗinka?"

Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Mama tana tsaye kusa da ni da ludayi a hannu. Baba ya miƙe a hankali, ya cire hula, ya dubi ƙanensa. Ya daɗe yana dubansa. Bai waiwayo inda muke ba ko sau ɗaya, kuma na san da gangan ne.

"Baba Ciyaman, na gode," in ji shi. "Babu bashi tsakanina da ƙanena. Abin da na ba shi, kyauta na ba shi."

Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Wani dattijo ya ce a yau an ga ɗan'uwa na gaske, samari su yi koyi. Ciyaman ya dubi wajen mata na ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya buga sanda ya ce magana ta mutu. A mitin ɗinmu abin da mutum ya kira kyauta a gaban jama'a ba ya sake zama bashi har abada. Da safe muna bin Baba Ƙarami kuɗi ko da ba ya biya. Kafin la'asar ko wannan ba mu da shi.

Na buɗe baki zan yi magana, Mama ta damƙe min hannu har farcenta ya shiga. "Ba mu da kuɗin tara," ta ce a hankali. Ta koma bakin tukunya ta ci gaba da rarraba wa mata sauran shinkafa, tana amsa sannu da aiki.

Bayan an watse, muna wanke-wanke, Baba ya zo ya tsaya a kanmu. Ya ce da ya amsa e, da dattawa sun yanka wa yaron abin da ba zai iya ba, da sun dakatar da shi, kuma shi ba zai iya zuwa ƙauye ya kalli tsohuwarsu ya ce da bakinsa ya sa aka fitar da ɗanta daga cikin mutane ba. Ya ce bashin masaƙa ya kusa rabi, mu ƙara haƙuri.

Mama ba ta ɗago ba. Ta ce, "Naman da suka ci, kuɗin makarantar 'yarka ne."

Baba ya dube ni. Na so ya yi faɗa, ya ce me ya sa ba a faɗa masa ba, don ni ma in samu in zazzage abin da ke cikina. Bai yi ba. Ya ɗauki benci biyu a kai ya nufi coci, ya dawo ya ɗauki wasu, har ya gama kwashe su shi kaɗai.

Ya yi ƙoƙari a satin, wannan kam ba zan musa ba. Ya je wurin abokan aiki, ya je wurin Fasto, amma wa zai ranta wa mutumin da gari duka ya ji yana kyautar kuɗin mota? Wani ma dariya ya yi masa, ya ce ai wurinsa ya kamata a zo neman rance.

Aka koma makaranta ban koma ba. Aka ce zango ɗaya ne kawai, in taya Mama sayar da kunu kafin abubuwa su daidaita. Ƙanwata mai bi na ta samu shiga aji ɗaya a shekarar, nata kuɗin bai kai nawa ba tunda babu na baya, kakarmu ta wajen uwa ta sayar da tunkiya ta aiko. Sai dai babu na ɗinkin yunifom. Ranar Asabar da yamma Mama ta fito da nawa daga akwati, ta shimfiɗa a tabarma, ta gwada a jikin yarinyar, ta sa alli inda za ta yanke. Ta ce in riƙe mata gefe ɗaya kada ya karkace. Na ce ta bar kalmasa mai faɗi a ƙasa, yadda za a iya warwarewa in zan koma. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta sa almakashi a kan layin allin.