Akuyar Cikin Talabijin

Shekarun baya akuya ta kayar da ni a hanyar Mai'adua. Ranar kasuwa ce, na ɗauko buhun gero biyu a bayan babur, ta fito daga cikin gona a guje. Na kauce mata, na tafi ƙasa. Ita ta wuce abinta, ni hannuna na dama ya karye wuri biyu.

Maɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗe. Amma da aka kwance ɗorin sai yatsu suka ƙi dunƙulewa. Lomar tuwo ma ta gagare ni, sai cokali a hannun hagu. Wanda ya san babur ya san totur da birkin gaba duk a hannun dama suke. Ni kuwa ban yi boko ba, ban iya wata sana'a ba, acaɓa ce ke ciyar da gidana. A asibiti suka ba ni ƙwallon roba, wai in riƙa matsawa. Kwana biyu na yi da ita na jefar. Ƙato da ni in zauna ina matsa ƙwallo? Na tura babur zaure, na rufe shi da buhu, na ce wa dillali ya nemo mai saye.

Ina da aboki mai gyaran rediyo a cikin garin Daura. Shagonsa nake zuwa in kashe wuni, don zaman gida ya ishe ni. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da ya samo wajen 'yan gwangwan. Ba irin ta ofis ba ce. Allon maɓallai ne kawai mai kauri, ana jona shi da talabijin baƙi da fari. Abin da ke cikinta a kaset ake ajiyewa, irin kaset ɗin waƙa. In ya sa a rikoda sai ta yi ta ƙara kamar gyare, minti biyar cur, sannan hoto ya fito. Da wani yagaggen littafi da ya zo tare da ita ya koya wa kansa yadda ake ba ta umarni. Shi kansa iyakarsa firamare.

Wata rana na shigo ya ce, "Direba, zo ka ga wani abu."

A talabijin akwai layi biyu, wai hanya ce. A tsakiya wani ɗan abu, wai babur. Can sai wani abu mai ƙafa huɗu ya faɗo hanya.

Na ce, "Wannan fa? Teburi?"

"Akuya ce."

"Akuya ba kai?"

Ya ce, "Wadda ta kayar da kai, ka tsaya ka duba kanta?"

Da wani ne ya faɗa mini haka da mun ɓata. Shi sai na yi dariya, karo na farko tun da na faɗi.

Sannan ya jawo wani katako daga ƙarƙashin tebur. Ya ɗaure masa kan babur na gaske, da totur da hannun birki, wayoyi sun tafi cikin kwamfutar. Ka murɗa, babur ya yi gudu. Akuya ta fito, ka matse birki. Ka makara, talabijin ya yi ƙara, a koma farko. Ya ce shi bai taɓa tuƙi ba, yana son wanda ya san hanya ya gwada ya faɗa masa inda ya yi kuskure.

Na ce, "Da wane hannun?"

Ya ce, "Da wanda ya karye ɗin. Birkin nan ko kaza ta taka zai kama."

Gaskiyarsa. Da ɗan taɓawa ya kama. Duk da haka na take akuya ta fi ashirin ran nan. Na tashi ina zagi, na ce wasan banza ne. Washegari tun bai buɗe shago ba ina bakin ƙofa.

Haka muka yi wata biyu. Shi yana can yana dalma, ni ina nan ina faɗa da akuya. In an ɗauke wuta ya jona da batirin mota. Kullum da gyaran da nake ba shi. In ce akuya ba ta fitowa ita kaɗai, da ɗanta a baya. Sai ya rubuta a takarda, ya yi ta danna maɓallai da yatsa biyu, gobe ga ɗan akuya. Na ce ina ramuka? Ya sa ramuka. Har ɗauka na yi ni nake koya masa. Wani lokacin in ce birkin ya yi tauri yau, ya ce ƙura ce, ko ya ce hannuna ne ya kwana da gajiya. Ban taɓa sa komai a raina ba.

Ran nan dillali ya aiko cewa ya samu mai saye daga Baure, zai zo Asabar. Na ce to. Ranar Alhamis ina shagon wani abokin sana'ata ya kawo rediyo gyara. Ƙaƙƙarfa ne, shi ke ɗaga buhu shi kaɗai. Ya gan ni ina wasa ya ce in ba shi ya gwada. Akuyar farko ya take ta. Ta biyu ma haka. Ya saki, yana yarfa hannu.

"Kai, wannan birki ne ko tarkon kura? Wa zai iya matse wannan?"

Na ce, "Raggo. Kawo ka gani."

Na karɓa, na wuce akuya tara a jere. Sai da na ajiye na ga yadda yake kallon hannuna. Ni ma na kalla. Yatsun a dunƙule suke, gam.

Na juya wajen abokina mai shagon. Bai ɗago ba, yana ta hura ƙurar rediyo. Na ce, "Malam, me ka yi wa birkin nan?"

Ya miƙo mini gwangwanin madara. A ciki sifirin ne guda bakwai, waɗanda ya riƙa sa wa hannun birkin. Na farko siriri, na ƙofar kaset. Na gaba ya ɗan fi shi, haka har na bakwai. Duk Juma'a in na tafi masallaci da wuri sai ya canza kafin ya rufe shago. Na takwas, wanda ke jikin birkin, na jakin da ake tsayar da babur ne.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Ina ƙwallon da likita ya ba ka?"

Na mayar masa da gwangwanin.

Ya ce, "Je ka yaye buhun nan. Birkin naka bai kai rabin wannan tauri ba."

Na je. Na tayar da babur, na zagaya bayan gari, na dawo ta gaban shagon, na matse birki har tayar gaba ta yi ƙara. Ya leƙo ya ce in yi a hankali, hanyar waje ba ta komawa farko. Ranar Asabar mutumin Baure ya zo, na ba shi haƙuri, ya koma.

Na ga masu ƙarfi a rayuwata, na ga masu baki. Irin abokina ban ga na biyu ba. Ya san ciwona, ya kuma san girman kaina ya fi ciwon, sai ya bi ta inda zan yarda. Da ya ce magani ne da ban taɓa ba. Bai taɓa ba kowa labarin ba, ni ne nake faɗa.

Kwamfutar ta mutu daga baya, ya nemi kayanta bai samu ba. Tana nan saman kanta a shagonsa cikin leda. Sifirin na farko yana jikin makullin babur ɗina har yau. In na ga akuya a bakin hanya, kafin in yi tunani hannun ya riga ya matse.