Tambaya ta Bakwai

Kafinta bai taɓa rubuta lambar da bai auna ba. Shekara arba'in yana sana'ar, tef a aljihu, fensir a bayan kunne. Ko ka rantse masa ƙofarka ƙafa uku ce, sai ya je ya gani da idonsa. Bencinan cocinsu goma sha huɗu duk shi ya yi su, kuma shi ne babban dattijon ikilisiya. To, wannan bawan Allah aka miƙa wa takardar auna lafiyar ruhaniya ta ikilisiya. Kai, an haɗa shi da aiki!

Fasto sabo ne, watansa uku da zuwa. Ya ce, "Baba, daga hedkwata ta zo. Ku kuka san mutanen nan. Tambaya goma ce, kowace a ba ta maki daga ɗaya zuwa biyar. In ba ta koma ranar Juma'a ba, ko aka ga mun yi rauni, za a rufe nan a haɗa mu da babban coci."

Kafinta ya juya takardar gaba da baya. "Da me ake aunawa, Fasto?"

"Da zuciya, Baba."

Ya koma shago, ya shimfiɗa ta a kan teburin aiki, ya danne da guduma. Tambaya ta farko: shin jama'a suna girma cikin bangaskiya? Girma daga ina zuwa ina? Wa ya auna su bara? Ta uku tana tambayar ko ana addu'a a gida. Ya je ya tambayi mai sayar da gawayi, ta ce kullum tana yi, amma rabinta ƙorafi ne, ko wannan ma ana lissafawa? Direban da ba ya fashin sujada ya ce shi fa barci yake zuwa yi, don nan ne kaɗai waya ba ta damunsa. Mai wanki kuwa, wadda ake ganinta sau ɗaya a wata, ita ke yi wa tsohuwar makauniyar layinsu wanka kowace safiya. Kafinta ya rubuta uku, ya goge, ya rubuta huɗu, ya goge, har takardar ta kusa hujewa.

Ranar Laraba ya kai tambaya ta bakwai: shin akwai 'yan'uwa da ke gaba da juna ba a sulhunta ba? Nan ya samu sauƙi. Ya rubuta biyar, wato lafiya lau, don shi bai san da kowa ba.

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa, ta kwashe da dariya. "Maigida, ko kunya! Kai da ƙanenka fa?"

"Wannan ai maganar gida ce."

"A wane coci yake sujada?"

Ƙanen nasa tela ne. Shekara tara ba sa magana, tun da Tela ya ɗauki akwatin kayan aikin mahaifinsu ya ba wani baƙo kyauta, lokacin Kafinta yana tafiya. Kafinta na zama a gaba ta dama, Tela a baya ta hagu, kuma a ganinsa babu wanda ya lura. Haka ma ya faɗa wa matarsa.

"Babu wanda ya lura?" in ji matar. "Mu matan zumuntar coci muke shiga tsakaninku lokacin gaisuwa, don kada ku yi kiciɓis. Mai tsara masu karatu a coci bai taɓa sa ku Lahadi ɗaya ba. Shekara tara muna wannan wahala!"

Kafinta ya zauna jagwab a kan benci. Yanzu wannan ƙauna ce, a ba su biyar, ko munafunci ne, a ba su ɗaya? Kansa ya ɗaure tamau. Kunya ta kama shi, haushi ma ya kama shi, bai san haushin wa yake ji ba.

Ranar Alhamis ya ga abin da ke ƙasan takardar: sa hannun dattawa biyu. Dattawa biyu kuwa suka rage a ikilisiyar, shi da Tela.

Ya wuce ƙofar shagon ɗinkin sau uku kafin ya shiga. Keken ɗinki a rufe da zane, ƙura ta hau kansa. Tela na zaune, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Hannu za ka sa," in ji Kafinta, yana kallon bango.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Tela ya karanta a hankali har ya zo ta bakwai, ya ɗaga ido ya dubi wansa. Ya fiddo hannun ya karɓi biro. Hannun na rawa kar-kar-kar, biron ya faɗi ƙasa.

"Me ya samu hannunka?"

"Shekara biyu ke nan, Yaya. Kowa ya sani. Matarka ce ke riƙe min littafin waƙoƙi."

Kafinta, mai gane katakon da ya karkace daga nesa, bai ga wannan ba. Ya sunkuya ya ɗauki biron, ya sa masa a yatsu, ya kama wuyan hannun ya riƙe gam, kamar yadda yake riƙe masa suna yara yana koya masa yanka da zarto. A haka sunan ya fito, a karkace.

Da Juma'a Fasto ya duba takardar ya ce, "Baba, kun goge ta bakwai, ba ku rubuta komai ba."

"Ban gama aunawa ba," in ji Kafinta. "Jiya na fara."