Mujallarmu ta Kiɗan Gurnani

Ina shekarar farko a uni, wato jami'a, a Manchester, ina karatun harhaɗa magunguna, wata rana bas ɗin da ke bin Wilmslow Road ta maƙale a cunkoso. Wani dogon saurayi da ke zaune kusa da ni ya amsa waya da Hausa, irin Hausar mutanen Filato. Da ya gama na ce masa, "Sannu, mutumin Jos." Ya dube ni ya ce, "Bakano ne ko? Na ji a bakinka." Har yau da waɗannan sunaye muke kiran juna.

Abin jin kiɗa da ya rataya a wuya yana ta fitar da wata ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiyi tsakuwa. Na tambaye shi ko lalacewa ya yi. Ya yi dariya ya ɗora mini shi a kai. Jita ce mai lantarki ana murza ta da gudu, mai ganga yana duka kamar ana korarsa, mawaƙin kuma ba waƙa yake ba, gurnani yake daga can ƙasan maƙogwaro. Ya ce wannan shi ake kira death metal, akwai ɗan uwansa black metal mai ƙarar tsiwa, dukansu kuma su ne ƙarshen tsananin kiɗan metal.

Ban cire shi ba sai da muka isa Rusholme. A gidanmu ba a ɗaga murya. Mahaifina likita ne, ya kawo mu ƙasar nan ina matashi, kuma na daɗe ina yawo da wani haushi da ban san wanda zan sauke wa ba. Sai ga mutane suna ihu da tsari, kowa ya san inda zai shiga da inda zai tsaya. Abin da ya kama ni ke nan.

Mutumin Jos Kirista ne, injiniya yake karanta, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa babbar jita a cocinsu. Ya iya haɗa shafin intanet, ni kuma hannuna ya faɗa da rubutun Turanci. A lokacin mujallun takarda ba sa kula ƙananan mawaƙa. Don haka a flat ɗinsa, a saman wani shagon gashin nama, muka buɗe namu shafin. Muka fara da sharhi a kan faya-fayan da muke da su. Da suka ƙare muka shiga aika wa mawaƙa saƙon imel muna roƙon su amsa tambayoyi. Yawancinsu ba su amsa ba. Wata rana sai ga ƙunshi daga Poland, faifai ne da 'yar takarda suna neman mu saurara. Muka ajiye shi a kan tebur muna ta kallo kafin mu buɗe.

Kafin mu gama karatu ma'aikacin gidan waya ya san mu, don ƙunshi ba ya yankewa.

Hajiyata ta taɓa tsintar wata baƙar riga tawa a wanki, mai tambarin wasu mawaƙa. Ta ɗaga ta tana juyawa ta ce, "Wannan rubutu ne ko ƙaya?" Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta ce, "Kana sallah dai?" Na ce ina yi. Ta ce, "To, Allah ya shirya." Ba ta sake tayar da maganar ba, amma idan matan likitoci suka zo ziyara takan ce musu ina wani ɗan aikin kwamfuta a gefe.

Maganar addini ba ta bar mu ba mu ma. Wasu mawaƙan ba su da aiki sai zagin coci. Mutumin Jos ya fara turo mini faya-fayansu, wai ni ba zai dame ni ba. Na ce masa Annabi Isa namu ne mu ma, ya nemi wani. A ƙarshe wani Baswidane, ɗan ƙasar Sweden, da ke rubuta mana shi ya ɗauki wannan ɓangaren. Masu waƙar fifita farar fata kuwa mun yanke tun farko ba za su shiga shafinmu ba.

Da muka gama karatu, mutumin Jos ya samu aiki a wata masana'anta a Birmingham ya zauna a Aston. Ya yi murna ƙwarai, don mutanen unguwar suna cewa a nan aka haifi kiɗan, daga ƙarar masana'antu. Ni na tsaya a Manchester na kama aiki a wani kantin magani a Cheetham Hill. Mujalla ta koma ta waya da jirgin ƙasa. Waɗannan su ne shekarunta masu kyau. Marubuta suka taru mana daga wuraren da ba mu taɓa zuwa ba, ba kuma wanda ake biya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Brazil da ta fi mu duka kunne, da wani malamin makaranta a Indonesiya, da Baswidanen nan. Mukan rubuta doguwar hira mutane su karanta ta har ƙarshe, su zo ƙasa suna gardama kwana da kwanaki. Mawaƙan da muka fara yabo tun ba a san su ba suka zama manya, wasunsu har suna sa sunan mujallar a jerin godiya a bayan faifai.

Sai aka gayyace mu wani bikin kiɗa, mai hoto ya ɗauke mu mu biyu a gaban dandali, muka saka hoton a shafi ba tare da tunanin komai ba. Ashe da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa zaton baƙaƙe ne ke bayan mujallar ba. Mafi yawansu ba su damu ba, wasu ma sun yi farin ciki. Amma magoya bayan mawaƙan da muka ƙi sakawa sun samu abin yi. Daga ranar, kowace safiya kafin in buɗe kanti, sai na zauna na goge zagi. Da farko raina yakan ɓaci. Daga baya ya zama kamar sharar ƙofar gida, in ka share yau gobe ka tarar da wata. Na yi shekaru ina wannan shara.

A hankali duniyar ma ta sauya. Faifai ya daina zuwa, sai saƙonnin imel da ba sa ƙirguwa, kowanne yana ɗauke da sabon kiɗa da roƙon a saurara. Masu karatu suka koma gajerun bidiyo a waya. Sai ka ɓata mako kana gyara hira, ka saka, shiru, in ban da masu zagin, su kam ba su taɓa fashi ba. Marubuta suka yi aure, suka haihu, suka riƙa ɓacewa ba sallama. Ni ma na yi aure, ga yara suna Turancin Manchester da ni kaina sai na kasa kunne. Matata ba ta taɓa hana ni ba, sai dai takan ce, "Wannan mujallar ita ce babbar 'yarka, kuma ta ƙi yaye."

Ban san ranar da kiɗan ya zame mini aiki ba. A cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, nake saurara, in ji farkon waƙa in tsallake, in ji farkon ta gaba in tsallake, in rubuta abin da na riga na rubuta a kan wasu. Wata safiya na manta abin kunnena a gida. Na zauna ina jin ƙarar ƙarfen tram da hirar mutane, na ji wani sanyi a raina. Washegari da gangan na bar shi.

A wannan tsakanin ne rubutun mutumin Jos ya fara ba ni mamaki. Kowane faifai ya ɗauka sai ya ce an ɗauki sautin a dushe, farantan ƙarfen mai ganga ba sa fita. Na saurari ɗaya daga ciki, na ji su tar. Wasu mawaƙa suka aiko suna tambaya cikin ladabi ko lalataccen sauti aka tura mana. Na kira shi, ya ce layin ba kyau, sai mun haɗu.

Na je Aston wata Lahadi bayan sun taso daga coci. Matarsa, 'yar Filato ce ita ma, malamar makarantar firamare, ta dafa gwaten acca. Na danna ƙararrawar ƙofa ina hango shi ta taga yana zaune dab da ita, bai motsa ba, sai da matar ta fito daga kicin ta buɗe. Muna cin abinci ta ajiye cokali.

"Malam, tunda abokinka ba zai faɗa maka ba, ni zan faɗa. Ba ya ji. Ƙararrawa ba ya ji, waya ba ya ji, yara suna magana sai ya bi bakinsu da kallo."

"Maman yara, ki bari mana," in ji shi.

"Ba zan bari ba. GP, likitan unguwarmu, ya tura shi clinic ɗin kunne. Sun ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage shi za a tattala. Sun ce ya daina sa kiɗa a kunne gaba ɗaya. Ko a coci yanzu can baya yake zama."

Na dube shi. Ya ce akwai wani ƙugi da ke cikin kansa dare da rana, kamar an bar firij a kunne a ɗakin da ba kowa. Ya ce ya daɗe da shi. Muna samari ba ma toshe kunne a wurin wasa, mukan tsaya a gaban lasifika har ƙirji ya riƙa rawa. Ni Allah ya tsare ni, shi kuma ga aikin masana'anta a kai.

Da ta kwashe kwanuka ya ce, "Bakano, za ka iya riƙe mujallar kai kaɗai?"

Na ce, "Gaskiya na gaji. Na daɗe da gajiya."

Na zaci zai ce shi ma haka. Sai ya ce, "Ni ban gaji ba. Ko jiya na ga wasu yara daga Chile sun fitar da sabon abu, har na kai hannu zan kunna."

Kunya ta sa na ce zan riƙe.

Na riƙe ta fiye da shekara, riƙon da ba shi da daɗi. Shi yana gyaran shafi yana amsa saƙonni, ni ina sharhi da kunnuwa lafiyayyu da zuciyar da ba ta wurin. Yakan kira ya ce in ba shi labarin wani faifai, yaya gangar take, yaya muryar. Ina amsawa yana gane ban saurara da kyau ba, amma bai taɓa faɗa ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ta Brazil ce ta raba gardama. Ta rubuto ta ce ta lura mujallar tana jan ƙafa, in mun yarda ita da wasu matasa za su karɓa. Na amince tun kafin in kai ƙarshen saƙon. Shi sai da ya yi kwanaki kafin ya ce to.

Sun riƙe ta da kyau, yadda zamaninsu yake so. Yanzu bidiyo ya fi rubutu yawa, rabin abin ma da harshensu ne, sun kuma rufe wurin ra'ayoyin masu karatu, abin da ya kamata in yi tun tuni. Wajen kwashe shafin zuwa sabon mazauni, rubuce-rubucenmu na farkon shekaru da yawa suka salwanta. Ma'aikaciyar jinyar ta ba da haƙuri sosai. Mutumin Jos ya ji zafin abin. Har yanzu ranar Asabar yakan zauna yana tono tsofaffin kwamfutocinsa, in ya samo wata hira ya tura mata ta mayar, ya turo mini ni ma in duba. Nakan gyara kuskuren rubutu in mayar masa. Ba kasafai nake karantawa har ƙarshe ba.

Muna haɗuwa jefi-jefi. Yana da na'urar taimaka wa ji a kunnuwansa biyu. Mukan taka a bakin ruwan da ya ratsa Aston, hirarmu hawan jini ce da makarantar yara da labarin gida.

Kwanakin baya wani Bature mai furfura a gemu ya shigo kanti karɓar maganin hawan jini. Rigar da ke jikinsa ta koɗe, amma na gane tambarin mujallarmu a ƙirjinsa, cikin waɗanda muka taɓa bugawa muka sayar a wuraren wasa. Na duba takardarsa, na ce ya riƙa sha da safe, in ya ji jiri ya koma wurin GP. Ya yi godiya ya fita. Akwai layi a bayansa, na kira na gaba.

Lokacin hutun rana na buga wa mutumin Jos na ba shi labari. Ya ce, "Ka faɗa masa kai ne?"

Na ce a'a.

"Kai, Bakano. To wacce ce, mai farin tambari ko mai ja?"

Na ce ban lura ba. Ya ce in ƙara ɗaga murya, na sake faɗa. Ya ce in mutumin ya dawo wata mai zuwa in duba masa. Na ce to, in sha Allahu, na ajiye waya na ƙarasa shayina.