Ƙyallen Bakin Tulu

Shekara arba'in Siyadoris yana hawan bishiyar kitul, wata 'yar'uwar giginya, a bakin dajinmu. Kowace safiya sai ya sauko da tulun ruwan furenta, matarsa Ranmenika ta dafa shi ya zama mazarƙwaila. A can sama ya saba da ƙananan akun nan kore shar, masu jan kai da guntun bindi, waɗanda ke barci a rataye, kai ƙasa kamar jemage. Suna tsoma baki a tulunsa, bai taɓa korarsu ba. Wani ɓawon itace yake jefawa ciki don kada ruwan ya yi tsami, su sha su tashi garau.

Da ya faɗo ya karya ƙugu, bishiyar ta koma hannun surukinsa Piyasena. Shi bammi ya fi masa kasuwa, sai ya daina sa ɓawon. Ban ga laifinsa can can ba, sai dai tsuntsayen ba wanda ya gaya musu. Suka ci gaba da sha, suna faɗowa a buge, kyanwa da masu keji suna tsinta.

Tsohon ya koma zaman gindin bishiyar da kwando, yana tattara su har su wartsake.

"Ka riƙa ɗaure bakin tulun da ƙyalle mana," ya ce wa surukin.

"Baba, bishiya tara nake hawa. Mashayan naka su san daidai cikinsu."

Wata safiya ɗaya daga cikinsu bai farka ba. Siyadoris ya daɗe da shi a tafin hannu, sannan ya dubi tsanin gorar da ke ɗaure jikin bishiyar.

"Hau, tsoho," in ji Ranmenika. "In ka sake faɗowa, kai wane kwando zai ɗauke ka?"

Ta faɗi haka, amma ita ta yaga masa gefen zaninta. Ina tsaye ya hau, taki ɗaya, hutu ɗaya. Ya ɗaure bakin tulun da ƙyallen ya sauko. Piyasena ya iso ya tarar, ya kasa haɗa ido da kowa.

Tun ranar Piyasena bai ƙara barin tulu a buɗe ba, don ya san in ya manta tsohon zai hau.

Har yanzu Siyadoris yana zuwa da kwandonsa, ya koma da shi wayam. Na tambaye shi ko yana kewarsu.

"Sosai," ya ce, idonsa na sama. "Ba zan sake taɓa ko ɗaya ba. Abin da na hau nema ke nan."