Hayaƙin da ya kashe Yaya Hannah

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, labari ya iske ni a Dirin Daji cewa kin rasu, Yaya Hannah. An ce fuka ce ta tashi. Ni Dinah, ƙanwarki, na san wanda ya tashe ta.

Tun da kika karɓi ɗakin karatun unguwarmu a Zuru, ba ki taɓa yarda a jefar da littafi ba. Wanda ya yage ki ɗinke shi, ki yi masa bango da takardar buhun siminti. Wanda yara suka gama da shi ki ɗaura wa ɗan acaɓa ya kai Kanya ko Wasagu. Maganin feshi kuwa kin hana shi shiga, sai ganyen dogon-yaro tsakanin shafuka. Muna tsokanarki cewa ɗakinki warin mai zazzaɓi yake, ki yi dariya ki ce gara mai cin takarda ma haka take ƙorafi.

Sai Joel, shugaban kwamitin ɗakin, ya ji baƙi za su zo. Ya bari kin tafi coci, ya sa aka kwashe tsofaffin littattafai, wai suna ɓata wuri, aka tara su da leda da robobi aka cinna wuta. A ciki har da 'yan littattafan harshenmu na C'lela da kika bi gida-gida kika tattaro daga hannun tsofaffi. Kika dawo da kayan Lahadi a jikinki, kika faɗa cikin hayaƙin kina zaro su. Ƙirjinki bai sake saki ba.

Joel ya zo gaisuwa, ya zauna a gaba, ya ce wa Mama kwana ne ya ƙare. Kafin ya tashi ya tambayi mabuɗin ɗakin, wai akwai sauran shara.

Na ce, "Baba Joel, mabuɗi yana hannuna. Sai dai ka haɗa da ni ka ƙona."

Fasto ya ce mu yafe. Ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙarya a kan kabarinki ba. Duk taron da Joel ya miƙe zai yi magana, zan miƙe in faɗi abin da ya yi.

Ubangiji ya jiƙanki, ya ba ki hutawa. Ya ba Mama da mijinki da 'ya'yanki haƙuri. Joel kuwa, Allah ya ja kwanansa, har jikokinsa su roƙe shi littafi cikin harshen kakanninsu, ya rasa abin miƙa musu.