Ranar da Na Tsayar da Dakan Fufu

Da jikata ta gama jami'ar da ke kusa da unguwarmu ta Ayigya Zango, sai ta ce ita aikin da take so shi ne ƙera wata irin kwamfuta da ake kira kwantum. Ni ban yi boko ba, don haka na ce ta zauna ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce inji ne mai tsirfa. Sai an ajiye shi cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, kuma 'yar girgiza kaɗan tana ɓata masa lissafi.

Masu koyar da aikin a ƙasar waje suka sa ranar da za su yi mata tambayoyi ta waya, suna kallonta tana kallonsu. Ranar kuwa ta zo daidai da sunan ɗan baffanta. Mata sun cika tsakar gida, ana dakan fufun rogo a gindin tagarta har bango yana amsawa.

Na ɗauko kujerata na dasa a ƙofar ɗakinta, na ce a ajiye taɓare.

Baffan ya yi dariya. "Hajiya, baƙi su zauna da yunwa saboda injin da ba a ma gama ƙerawa ba?"

"Ai shi ya sa ake neman mai ƙerawa," na ce. "Kai ma rage murya."

Rogon ya huce a turmi, matan suna ta hararata, ban motsa ba. Can yarinyar ta fito, ta durƙusa a gabana, ta ce sun ɗauke ta.

Fufun ranar ya yi gudaji. Na cinye nawa tas.